An Kai Shi Ƙasa, Me Kuma Ake Jira?

Mu Hausawa, a wurinmu ƙasa ita ce alƙali. Duk wanda ya tashi yana kallon kokawa a ƙauye lokacin kaka, ko yake bin gasar takobi ta Nijar kamar yadda dattawanmu na nan Sabo suke yi duk shekara, ya san ƙa'idar: da zarar an kai mutum ƙasa, magana ta ƙare. Makaɗa su ɗauki kiɗa, a ɗaga wanda ya yi kaye, wanda aka kayar ya kaɗe ƙurar jikinsa ya bar fili. Dambe ma haka ne, in hannu ko gwiwa suka taɓa ƙasa an yi kisa ke nan. Babu mai bin mutum ƙasa ya hau kansa. Wanda ya yi haka ma sai a ce ba shi da tarbiyya, domin a al'adarmu ba a bin wanda ya faɗi da duka.

Shi ya sa duk lokacin da wani daga cikin mutanen unguwa ya rako ɗansa wurin da muke horon judo, tambaya ɗaya ce take fara fitowa daga bakinsa: "Malam, ai an riga an kayar da shi, me kuma ake jira?" Samari kuwa tasu tambayar daban ce. Sun saba kallon faɗan keji a waya, sun san tarihin Khabib da Kamaru Usman fiye da na kakanninsu, don haka abin da suke so su ji shi ne, wanne ya fi, judo ko jujitsun Burazil? In aka haɗa su a ƙasa wa zai ci wani?

Ni dai na shiga judo ina ɗan shekara 13, a nan Badun, yau ga shi furfura ta fara leƙowa a gemuna ban daina ba. Goro nake sayarwa, ba da wasa nake cin abinci ba, amma sau uku a mako in na rufe shago nakan je in taya kocinmu kula da yara. A tsawon shekarun nan na yi gumi da 'yan kokawar zamani, na yi da masu jujitsu da sukan zo daga Ikko, kuma kowannensu ya ɗanɗana mini tabarma. To bari in amsa tambayoyin nan biyu a wuri ɗaya, gwargwadon abin da jikina ya gaya mini.

Wanda ya kafa judo wani malamin makaranta ne ɗan Japan mai suna Jigoro Kano. Kada Kanawan Sabo su fara murna, suna ne kawai ya zo ɗaya, ba shi da dangi a Fagge ko Yakasai. A 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokiyo. A tsarinsa babbar nasara ita ce kaye mai kyau: ka ɗaga mutum ka maka bayansa da ƙasa, da ƙarfi da sauri, kana riƙe da shi. Wannan shi ake kira ippon, kuma da an yi shi wasa ya ƙare nan take. Ka ga har nan mu da su babu bambanci. Ɗan kokawar Dosso ko na Sakkwato zai gane wannan ba sai an nemo masa tafinta ba. Inda hanya ta rabu shi ne in kayen bai cika ba. Mutum ya faɗi ta gefe, ko ya juya a iska ya sauka ruf da ciki, ko ku biyun duk kuka zube. A kokawarmu an gama. A judo kuwa yanzu aka shiga kashi na biyu, wanda suke kira newaza, wato gwagwarmayar ƙasa.

Hanya uku ce kawai ake ci da ita a ƙasa. Ta farko danniya: ka kwantar da mutum rigingine ka riƙe shi. Daƙiƙa 10 rabin nasara ce, wadda ake kira waza-ari, daƙiƙa 20 kuma cikakkiya. In kuwa dama ka sami rabin a wurin kaye, goman nan ta ishe ka. Ta biyu shaƙa, da hannu ko da wuyan riga, har sai ya buga tabarma ko jikinka sau biyu, alamar ya sallama. Ta uku ka kama gwiwar hannunsa ka miƙe ta ko ka murɗa ta zuwa inda ba ta saba zuwa ba, har shi ma ya sallama. Gwiwar hannu kaɗai fa. Ba a taɓa gwiwar ƙafa, ba a taɓa idon sawu, ba a murɗa wuya ko yatsu.

Sai kuma abin da ya fi komai raba judo da sauran, wato lokaci. Wasan gaba ɗaya minti 4 ne, kuma alƙalin wasa ba shi da haƙuri da masu kwanciya. In kuka zube ya ga babu abin da yake ci gaba, 'yan daƙiƙu kaɗan zai ba ku ya ce "mate", kowa ya tashi a koma tsaye. Saboda haka ɗan judo tun yana cikin kaye yake shirya abin da zai yi a ƙasa. Hannun da ya riƙe hannun riga wajen jifa, shi ne zai zama maɗaurin danniya, ba a sakinsa. Kocinmu, wani dattijon Bayarabe da ko kafaɗata bai kai ba, kullum abin da yake nanata mana ke nan: mutum ya fi sauƙin kamu a daidai lokacin da jikinsa ya taɓa ƙasa, numfashi ya fita, hankali bai dawo ba. In ka bari ya dunƙule ya haɗa gwiwoyinsa da hannuwansa, ka makara.

Danniyar nan ita mutane suka fi rainawa, don a ido kamar ba a yin komai. Ranar da kocin nan ya fara danne ni bayan na zama saurayi, lokacin ina ɗaga huhun goro ni kaɗai, ji na yi kamar an ɗora mini buhun siminti mai hankali. In na juya dama ya riga ni can, in na yunƙura hagu nauyin ya koma can. Sirrin ba a damtse yake ba. Ƙirjinsa yana manne da nawa babu inda iska za ta wuce, ƙugunsa a ƙasa, ƙafafunsa a baje kamar turakun rumfa, ya kuma ƙwace mini hannu ɗaya da kafaɗa ɗaya. Mutumin da aka hana shi juya kafaɗa da ƙugu, ko ya kai sa ƙarfi, ba shi da abin da zai dogara da shi ya tashi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin na sama shi ne kada bangon ya tsage har agogo ya cika, aikin na ƙasa kuma ya nemo tsagar.

Danniyar da ake fara koya wa yaro ita ce kesa-gatame: ka zauna a gefen mutum, hannunka ɗaya ya zagaye wuyansa, hannunsa kuma yana matse a hammatarka. Akwai wadda ake yi ta gefe ƙirji bisa ƙirji, akwai ta wajen kai, akwai ta hawa ruwan ciki. Shi kuma na ƙasa yana da mafita: ko ya banƙare ya mirgina da kai, ko ya juya ruf da ciki, ko ya sarƙe ƙafarka ɗaya da ƙafafunsa biyu. Da ya yi ɗaya daga ciki alƙali zai ce "toketa", ƙidaya ta tsaya. Daƙiƙa 20 a teburin mai shayi ba komai ba ce, amma a ƙarƙashin wanda ya iya, wallahi ta fi tafiyar Badun zuwa Sakkwato nisa. A da ma 30 ake ƙirgawa.

Da wannan danniyar ta 'yan koyo aka taɓa sa Japan duka ta yi tsit. A 1964 ne judo ya fara shiga gasar Olamfik, kuma a Tokiyo aka yi ta. Aji huɗu ne, Japanawa suka cinye zinare uku, saura ajin da babu iyakar nauyi, wanda shi suka fi so. A wasan ƙarshe Anton Geesink ɗan ƙasar Holan ya kai Akio Kaminaga ƙasa ya ɗaure shi da kesa-gatame, daƙiƙa 30 cur, a gaban mutanensa. Abin da ya fi burge ni a hoton wasan shi ne, da mutanen Geesink suka taso za su hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da su, domin ba a gama gaisuwar rufe wasa ba. Bayan shekara 20, a Los Anjeles, Yasuhiro Yamashita ya kai wasan ƙarshe yana ɗingishi saboda tsokar ƙafarsa da ta yage. Ya haɗu da Muhammad Ali Rashwan na Masar, ƙaton gaske. Da ƙafa ɗaya da rabi ya kai shi ƙasa, kuma danniya ce ta ba shi zinaren.

To mu dubi maƙwabta. Kokawar zamani, irin ta gasar Olamfik, wadda Blessing Oborududu ta ciwo wa Nijeriya lambar azurfa a cikinta a Tokiyo, ita ma tana da danniya, amma tata ta ƙiftawar ido ce. Allunan kafaɗa biyu su manne da katifa tare, alƙali ya gani ya buga hannu, shi ke nan. Kai ko ba a danne ka ba, in aka mirgina ka bayanka ya fuskanci ƙasa, an ci maki 2 a kanka. Don haka ɗan kokawar zamani yana gudun rigingine kamar yadda ake gudun wuta. Da ya ji zai faɗi sai ya juya ruf da ciki, ya baje hannu da ƙafa, ya ɗaga kai, ya manne da katifa kamar kaska. Ba ya tsoron barin wuyansa a buɗe, domin a wasansu babu shaƙa, babu murɗa gaɓa.

Kawo wannan kwanciyar cikin judo ka sha kallo. Wuyan nan da ya ɗaga, shi ake nema. Rigar judo mai kauri ce, wuyanta kamar igiya yake. Hannu ya zura ƙarƙashin haɓa ya kama wuyan rigar, a ja, magana ta ƙare. Rigar nan ita ta canza komai. Ɗan kokawa jikinsa santsi ne da gumi, dole sai da matsi da ƙugu ake riƙe shi, shi kuwa ɗan judo yana sanye da abin da za a ɗaure shi da shi: hannun riga, ɗamara, har da gefen rigar. Ta wani ɓangaren kuma, kwanciya rigingine a judo ba asara ba ce muddin abokin karawarka yana tsakanin ƙafafunka, daga nan ma kana iya juye shi ko ka kama hannunsa. Amma in za a faɗi gaskiya, cikin duk waɗanda na taɓa dannewa babu masu wuyar riƙo kamar 'yan kokawar zamani. Wuyansu kamar turmi, banƙarewarsu kamar ta tarwaɗa, kuma ba su san wani abu wai shi hutawa a ƙasa ba.

Jujitsun Burazil kuwa ɗan judo ne na cikinsa, sai dai a gidan riƙo ya tashi. Wani almajirin Kodokan mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Burazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie a garin Belem, su kuma 'yan gidan Gracie suka ɗauki ɓangaren ƙasa suka mai da shi gidan zama. A 1951 gwarzon judo Masahiko Kimura ya kara da Helio Gracie a filin Marakana. Ya yi ta jifa da shi, daga baya ya bi shi ƙasa ya kama hannunsa da murɗar da mu muke kira ude-garami. Helio ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai mutanensa ne suka jefa tawul. Har yau masu jujitsu "kimura" suke kiran wannan kamun, ka ga sun san mutunci.

A wasansu danniya ba ta ƙare wasa. Ka danne mutum minti 5 ma, ba wanda zai ɗaga hannunka. Wurin da ka kama shi ake ba maki: kaye maki 2 kacal, tsallake ƙafafun na ƙasa 3, hawa ruwan cikinsa 4, kama bayansa ka saƙala masa ƙafafu 4. Masu baƙar ɗamara minti 10 suke yi, kuma ba a tashinsu don kawai sun daɗe a ƙasa. Mutum ma yana iya kama rigarka ya zauna da kansa ya jawo ka, ba a ce ya faɗi ba. Manyansu kuma an yarda su kama idon sawu da gwiwar ƙafa, abin da judo ya hana a gasa fiye da shekara 100 da suka wuce.

Yadda nake kwatanta wa 'yan kasuwa shi ne, gwagwarmayar ƙasa ta judo cinikin tasha ce. Mota ta cika, direba ya tayar da inji, fasinja ya miƙo hannu ta taga, ko ka sallama yanzu ko mota ta tafi. Ta jujitsu kuwa cinikin shanu ne a kara. A zauna, a taya, a ce albarka, dillali ya je ya dawo, a sha ruwa a sake tayawa, wataƙila sai la'asar a sallama. Duka ciniki ne, amma halin da kowanne yake gina wa mutum daban. In na hau tabarma da yaran Ikkon nan, daƙiƙun farko bayan mun zube nawa ne, nauyina da saurina sukan ruɗa su. In kuwa aka wuce minti ɗaya ban gama ba, to na shiga kasuwarsu. Ƙafafunsu sai ka ce hannuwa, tarko bisa tarko, ga haƙuri kamar na mai kamun kifi.

Kada wani ya ɗauka Japanawa ba su san zaman ƙasa ba ne. Tun 1914 ɗaliban manyan makarantunsu suke wata gasa da ake kira kosen, inda aka yarda ka ja mutum ƙasa ku yi ta yi. Abin ya yi ƙarfi har a 1925 Kodokan ta gyara dokokinta don kada kaye ya mutu. Ke nan gajartar gwagwarmayar ƙasa a judo da gangan aka yi ta: an so ɗalibi ya fara iya tsayuwa da kayarwa, ƙasa ta zama wurin ƙarasa aiki.

Akwai kuma sambo, shi ma ba Sambon Fulani ba ne, wasan mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Vasili Oshchepkov, a Kodokan ya yi karatu. Su sai suka juya abin: a sambo na gasa an yarda a kama ƙafa a murɗa, amma an hana shaƙa, danniya kuma maki take kawowa. Daga irin wannan gidan, da kokawar mutanen Dagestan, Khabib ya fito, har ya ajiye faɗan keji da nasara 29 ba a taɓa cinsa ba. Sai dai ku sani, samari, faɗan keji wata duniya ce daban, domin a can wanda yake sama yana da izinin duka. Da zarar naushi ya shigo, lissafin kowane ɗayan wasannin nan sai an sake shi.

To wa zai ci wani? Dokar da aka shimfiɗa ita take ci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sa mai jujitsu a dokar judo, kafin ya gama ɗana tarkonsa an ce "mate", ko ma tun a tsaye an gama da shi. Sa ɗan judo a dokar jujitsu, zai yi kaye mai kyau a ba shi maki 2, sannan ya sha minti tara na wahala. Ku duka biyun kuma a kai ku filin takobi a Nijar, Issaka Issaka ya taɗe ku kafin ku gama gyara tsayuwa.

Judo ma yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Da yake an san alƙali zai raba, 'yan wasa da yawa sun koyi dunƙulewa kamar kunkuru, su ɓoye wuya da hannu su jira "mate". A tabarma wannan dabara ce. A wasan jujitsu kyautar baya ce ka ba mutum. A kan titi kuwa, inda babu alƙali, miƙa ƙeya ne ga takalmin duk wanda ya ga dama. Haka nan kwanciya rigingine ta masu jujitsu, a kan kwalta cikin taron jama'a ba wurin zuwa ba ne. Abin da nake gaya wa yaranmu shi ne su ɗauki halin judo na asali: ka zama kai ne a sama, ka gama da wuri, in bai yiwu ba ka tashi tsaye.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ga maganar nan ta cancanci shiga mujallarmu. Mu nan baƙi ne, ko da kuwa a nan aka haifi kakanninmu. Faɗan da yaro zai yi a Kano ya ƙare a ƙofar mai unguwa, in ya yi shi a nan sai ka ji an ce "Hausawa sun yi". Ba mu manta da kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 ba, yadda hatsaniyar mutum biyu zuwa uku ta zama gobarar shaguna da gidaje da asarar rayuka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A irin zamanmu, naushi ɗaya yana da tsadar da mai yinsa ba zai iya biya shi kaɗai ba.

Shekarun baya wani yaron unguwarmu da ƙwaya ta juya wa kai ya ɗauki katako ya tasam ma wata Iya mai sayar da abinci a bakin titi, wai ta raina shi. Kafin ka ce kwabo 'yan okada sun fara tsayawa, kowa na neman abin duka. Ina kusa, kuma na san uban yaron. Na shiga jikinsa kafin katakon ya sauko, na taɗe shi, na bi shi a hankali don kada kansa ya bugi kwalta, na zauna a gefensa da kesa-gatamen nan ta 'yan koyo. Ya yi ta fizga yana cewa, "Baba, ka sake ni, wallahi sai na kashe ta." Ni kuma bakina a kunnensa ina cewa, "Zan sake ka, ɗana, bari ka huce tukuna." Da 'yan okadan suka ga an riƙe shi kuma babu jini, sai suka tsaya kallo. Ita kanta Iyar ita ta riƙa ce musu su ƙyale shi. Muna nan har kawunsa ya iso da mutum biyu, na ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, ko ƙwarzane babu." Ni ne ma na tashi da gwiwa a goge.

Da dambe na iya, abin da zan yi a wurin shi ne in fasa masa baki. Da kokawarmu kaɗai na iya, zan maka shi da ƙasa, ya tashi ya sake ɗaukar katakon, ko kuma ya kasa tashi gaba ɗaya. Danniya ce ta ba ni abin da ake bukata a ranar, wato in hana mutum ɓarna ba tare da na yi masa ɓarna ba, kuma in iya sakinsa a duk lokacin da na ga dama. Naushin da ya riga ya fita ba ya dawowa. Amma ko danniyar tana da ƙa'ida a wajen tabarma: ba a ɗora nauyi a wuya, ba a danne mutum ruf da ciki, ba a toshe masa numfashi. Duniya ta ga yadda gwiwa a wuya ta kashe George Floyd a Amurka a 2020. Kuma da abokan yaron nan suna wurin da niyyar tare masa, da zama a ƙasa bai kama ni ba.

Ina kuma da jan kunne ga iyaye. Na sha ganin yara a lungu suna gwada shaƙar da suka gani a waya, ana dariya ana ɗaukar hoto. Shaƙar nan ba numfashi kaɗai take tarewa ba, jijiyoyin gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa take matsewa, cikin 'yan daƙiƙu mutum ya sume bai ma san ya tafi ba. In mai riƙon bai gane ba ya ci gaba, sai dai a ce Allah ya ji ƙai. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. A wurin horo na ƙwarai ba a fara koya wa ƙananan yara shaƙa ko murɗa hannu. Abin da ake fara koya musu shi ne yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, sai danniya, sai kuma darasin da ya fi wuya ga ɗan Bahaushe: in an kama ka, ka buga tabarma ka sallama, ba abin kunya ba ne, in kuma aka buga maka, ka saki nan take, ko da ranka yana tafasa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yaron da ya sallama sau ɗari a tabarma, ya kuma saki wasu sau ɗari, da wuya ka gan shi yana zare ido a tasha don an taka masa ƙafa.

In za ka kai ɗanka ko 'yarka, je da kanka ka zauna ka kalli horo ɗaya daga farko har ƙarshe. Duba ko kocin yana tsaye a kan yara lokacin da suke ƙasa, ko ana haɗa su daidai girma, ko manya suna sakin ƙanana da wuri. Sunan wasan bai kai halin mai koyarwa muhimmanci ba. Kuma ban ce a bar kokawarmu ba. Yaran da suka zo mana daga ƙauye da ita a jikinsu, su suka fi kowa saurin kama kaye. Abin da ya rage a koya musu shi ne na bayan an kai ƙasa.

Roƙona ga shugabannin unguwa da 'yan kasuwarmu masu hali shi ne a taimaka mana da ɗaki ɗaya a cikin Sabo da tabarmin horo, ko da na hannu ne. Yanzu yaran sai sun tsallaka titi sun yi tafiya kafin su isa wurin horo, ga magariba tana riskarsu a hanya, shi ya sa iyaye da yawa suke hanawa. Mu da muka iya za mu koyar kyauta, bayan la'asar, ranakun da babu Islamiyya. Mai son ƙarin bayani ya tambayi masu goro, za su nuna masa shagona. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.